Akwatin da Na Hana Shan Iska

Ni dai karatuna bai wuce aji biyu ba, shi ma na biyun rabinsa ta taga na gudu na bar shi. Saboda haka duk wanda ya ga na ɗauki biro zan yi maganar kwamfuta, ya yi dariyarsa, na yafe masa. Ni ma sai da na yi tawa kafin in fara.

Sana'ata ƙera akwatin ƙarfe. Mahaifina ne ya zo da ita daga Kano, ya kafa rumfa a unguwar Bolori, ni kuma na buɗe ido na tarar da guduma a hannuna. A wancan lokacin ɗalibi ba ya tafiya makarantar kwana sai da akwatinmu, haka ma'aikacin da aka yi wa canjin gari. Mukan fasa tsohon duro, mu miƙe shi a kan uwar maƙera, mu naɗe bakinsa, mu shafa baƙin fenti, mu zana jan fure a kan murfi. Ranar da jirgin ƙasa zai tashi nakan je tasha ba don komai ba, sai don in ga akwatunana a kan mutane. Tun daga nesa nake gane nawa, don furena kullum yana ɗan karkata hagu.

Mahaifina yana da gwaji biyu. Na farko, ya hau kan akwatin ya zauna da dukan nauyinsa. Na biyu, ya ɗaga shi ya kifa a kansa kamar hula, ya juya ya fuskanci rana. In ya hango ɗigon haske ko da kamar ƙwayar gero ne, sai ya dire shi a gabana ya ce a sake. Inda haske ya shiga, in ji shi, kyankyaso zai shiga, ruwan sama ma zai shiga. A kan wannan na girma, a kansa na tsufa: akwatin kirki ba shi da huda.

Daga baya jakunkuna masu zif da taya suka zo, rumfarmu ta yi ta yin shiru har na rufe ta. 'Ya'yana suka ce, "Baba, ka huta." Na huta har hutun ya gaji da ni. Aka daina tambayata komai a gidan, in ban da ko na sha maganina.

Autata ta yi shekaru tana buga takardu a wani ofis. Da ta bari, sai ta kama ɗan shago a Gomari, can wajen filin jirgin sama, za ta riƙa tsara katin biki da kalanda da takardun taron coci, duk wanda ya kawo. Ta ce ba za ta sayi kwamfuta haɗaɗɗiya ba, kayan cikin za ta saya ɗaya bayan ɗaya ta haɗa da kanta, ya fi sauƙi ga aljihu. Wata rana bayan la'asar ta zo ta tsuguna kusa da tabarmata.

"Baba, gobe ka raka ni wani shagon kayan kwamfuta a Moduganari. Saura akwatin da zan zuba kayan a ciki. Na ƙarfe ne, ni kuma ban san ƙarfe ba."

Na ce, "To, in na samu lokaci."

Ta dube ni, ta dubi tabarmar, ta danne dariya. Lokaci kuwa har ya yi mini yawa. Da safe rigar Juma'a na sa, ga shi ranar Talata ce. Shekara da shekaru ba a ce mini zo ka duba ba, kuma na ƙudurta a raina ba zan bari wannan ta zama ta ƙarshe ba.

Mai shagon magidanci ne ɗan kudancin Borno, mai fara'a, da tabarau a saman goshi. Ya tare ni da wushe-wushe, gaisuwar mutanen garin nan, ya ba ni kujera. Da ya ji sana'ata sai ya tafa hannu, ya ce mahaifinsa malamin coci ne, kuma har yau irin akwatinmu yana ƙarƙashin gadon babarsa, a ciki take ajiye zannuwan zuwa coci. Na tambaye shi furen ya karkata hagu? Ya ce zai duba.

Ya fito mana da guda uku, duka masu sauƙin kuɗi, kuma matsakaita, tsayinsu bai kai gwiwa ba. Ya ce irin wannan girman ya fi, kayan Auta za su shiga ba matsi, kuma ba zai cinye mata tebur ba.

Na ƙwanƙwasa na farko da bayan yatsa. Ya yi kuka kamar gwangwanin madara. Na danna gefensa da babban yatsa, ya lotsa ya dawo. Na ce a mayar da shi inda aka ɗauko shi. Na biyu ya fi kyau a ido, gefe guda gilashi ne, ga fitilu a ciki masu canza launi kamar motar ango. Auta ta tsaya tana kallonsa. Na zura hannu ciki na bi bakin ƙarfen da yatsa, sai ga jini. An yanka ƙarfen an bar shi haka, ba a naɗe ba, ba a goge ba.

"Wannan wuƙa ce aka yi wa fenti," na ce. "Duk ranar da kika sa hannu za ki gyara waya, sai kin ba shi jini."

Na uku baƙi ne wuluk, ba ado. Na ƙwanƙwasa, ya amsa da murya mai kauri. An naɗe duk bakinsa, ƙusoshin da aka ɗaure kusurwa da su sun zauna daram, murfin gefe yana zamewa ya shige ba sai an dake shi ba. Ƙafafunsa na roba ne. A bayan bangon ciki an bar ɗan lungu, mai shagon ya ce nan ake ɓoye wayoyi. Na ajiye shi a ƙasa, na tattara rigata zan zauna a kai.

"Baba!" in ji Auta, ta riƙe mini hannu. "Don Allah!"

"To yaya zan san yana da ƙashi?"

"Baba, yana da ƙashi," in ji mai shagon yana dariya har da riƙe ciki. "Amma ba irin naka ba. Wallahi shi ne ma zan ba ta tun farko. Hajiya, ki riƙa zuwa da Baba, ya fi ni sanin kayana."

Wannan maganar ta yi mini daɗi har na ji ta a ƙafafuna. Amma da na ɗaga akwatin sama na fuskanci ƙofa, me zan gani? Haske ta ko'ina. Gabansa duka raga ce kamar rariya, samansa ma haka, a baya ga wata huda mai fanka. Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna yanzun nan aka gama yabona. In na tambaya me ya sa aka huda shi, za a gane iyakar sanina. Na haɗiye tambayar. A zuciyata na ce Turawan nan rowar ƙarfe suke yi, shi ya sa yake da araha.

Akwatin ya kwana uku a ɗakina, don Auta tana jiran wani abu da za a kawo mata daga Kano. Kullum ina kallonsa yana kallona. Ina tuna kyankyasan Gomari, ga su manya kamar dabino. A rana ta biyu da hantsi, bayan ta fita, na jawo jakar kayan aikina daga ƙarƙashin gado. Almakashin ƙarfe ya yi tsatsa, na ɗiga masa man gyaɗa ya farfaɗo. Na ɓalle fuskar akwatin a hankali, na auna, na yanko falle biyu daga wani sabon kwano da ya yi saura a rufin bayan gida. Ɗaya na gaba, ɗaya na sama. Na naɗe bakinsu, na goge da magagari, na shafa baƙin fenti, na zura su a bayan ragar suka zauna kamar da su aka haife shi. Hudar baya kawai na bari, don fankar ta tare ni. Na ɗaga shi na fuskanci rana. Duhu. Rabona da irin wannan jin daɗin tun ina da haƙoran gaba. Ban gaya wa kowa ba. Na bari sai ranar da za ta ce, ikon Allah, kwamfutata ko ƙwaro ɗaya ba ya shiga, sannan in yi gyaran murya.

Ta haɗa kayanta, ta kai shago. Lokacin bazara ne, irin zafin garin nan da ko ƙadangare ba ya son taka ƙasa. Kwana biyu sai ta dawo gida fuska a murtuke. Ta ce da ta fara aiki sai na'urar ta kama gurnani kamar injin markaɗe, jikinta ya yi zafi, can sai ta mutu ɗif. Sau uku tana tsara katin wani biki yana ɓacewa, ga masu bikin suna ta kira.

"Mutumin nan da ya sayar mini da akwatin ya cuce ni, Baba. Ya ga mace ce, ya haɗa ni da ruɓaɓɓen kaya. Gobe ka zo mu je, a gabanka zan gaya masa."

Na ce, "Ƙila wutar ce." Ta ce ba wuta ba ce. Na ce ƙila zafin gari ne. Ta ce kowa a garin yake, tasa ba ta mutuwa. Abincin ranar ban gama shi ba. Zafin da ta ambata ya tsaya mini a rai, don na san yadda cikin akwatin ƙarfe yake in an rufe shi a rana. Amma in na faɗa, shi ke nan, na koma tabarma da tambayar magani.

Muka je. Auta ta dire akwatin a kan teburin mai shagon, ta fara. Ban taɓa sanin tana da baki haka ba, na babarta ne sak. Bawan Allah yana ta cewa, "Hajiya, yi haƙuri mu duba," ni kuma na zauna a kujera ina nazarin silin kamar an aiko ni in saya. Ya kunna na'urar, ya kai tafin hannu gaban ragar, ya ɗaure fuska.

"Ba ta jan iska ko kaɗan."

Ya ɓalle fuskar, ya sa yatsa biyu ya zaro fallen. Ya sauko da tabarau daga goshi. Ya juya shi gaba, ya juya shi baya, ya bi bakin da yatsa. Ya leƙa sama ya zaro na biyun.

"Hajiya, wannan ba daga kamfani ya zo ba. Wani ne ya toshe mata hanci. Kayan cikin nan zafi suke yi kamar murhu, sai iska ta shiga ta gaba ta fita ta baya da sama, shi ya sa aka huda shi." Ya sake shafa fallen. "Amma kai! Ko waye ya yi wannan, hannunsa ya faɗa. Dubi naɗi. Ko injin bai fi haka ba. Ina jin wani ɗan Legas ne."

Ɗan Legas! Da zagina ya yi da na daure. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Wane ɗan Legas? A Bolori aka yi shi, da almakashi mai tsatsa, kuma ko awo sau biyu ban yi ba!"

Auta ta juyo a hankali ta dube ni. Mai shagon ya cije leɓe, kafaɗunsa suna rawa, can ya kasa, ya fita waje ya yi ta dariya har da tari. Da ya dawo, Auta ta ba shi haƙuri, ta sake ba shi, ni ma na ba shi nawa ina kallon takalmina. Ya ce ba komai, kayan ba su ƙone ba, na'urar da kanta take kashe kanta in zafi ya yi yawa. Ya roƙi in bar masa falle ɗaya zai rataye a bango.

Muka hau keke mai ƙafa uku muka dawo gida. Kwana huɗu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ta kai wa masu biki katinsu a makare. Na mayar da jakar kayan aiki ƙarƙashin gado, na tura ta can ciki da ƙafa.

A rana ta biyar ta shigo da wata takarda a hannu, ta zauna a bakin tabarma, ba ta dube ni ba.

"Ƙasan shagon nan yashi ne ke shigowa, kuma da damina ruwa yana kwanciya. Ina son ɗan teburin ƙarfe da zan ɗora ta, taƙi ɗaya daga ƙasa. Ga awon." Ta miƙo takardar, amma ba ta saki ba. "Saman a huda shi, Baba. Ta ƙasa ma tana shan iska."

"Huda nawa?"

"Da yawa. Kuma a gabana za ka yi."

Ranar Asabar ta jawo kujera ta zauna a tsakar gida, ta harɗe hannu. Na shimfiɗa falle sabo fil, lafiyayye, ba tabo ko ɗaya, na ɗora kurfi, ƙarfen huda, a tsakiyarsa. Sai da na nemi gafarar mahaifina a zuci kafin in sauke guduma. Huda ta farko ta yi mini ciwo kamar a jikina. Wajen ta ashirin na fara jera su layi-layi, ina gyara tazara. Auta ta sunkuyo ta duba, ta nuna kusurwar dama da yatsa.

"Nan ma, Baba."

Na matsar da kurfin can.