Akwai Ɗaki, Dogo?

Mahaifina mai ɗaukar kaya ne a otal ɗin bakin tasha tun bai yi gemu ba. Dogo ake ce masa. Jirgin ƙasa na tsayawa zai tare baƙo, ya karɓi akwati, ya hau bene da shi, ya buɗe taga, ya ce, "Ruwan zafi sai an ɗan jira." Da wannan hawa da sauka ya ciyar da mu.

Da jirgi ya daina zuwa, otal ya mutu. Daga baya hukumar gari ta mai da shi gidan tarihi. Aka ɗaura jar igiya a ƙofar kowane ɗaki, ƙararrawar kiran ma'aikata kuwa aka saka ta a gilashi. Gadajen da baƙi suka sha minshari a kai, yanzu ko taɓa su ba a yi.

Sai tsufa ya fara cin tunanin Baba. Sunana ma yakan ɓace masa, amma hanyar otal ko ido rufe zai kai kansa. Kullum da safe zai sa farar rigarsa ya tafi ya zauna a bencin ƙofar shiga. Ranar da bai je ba, ko abinci ba ya ci. Shugabar wurin ta ƙyale shi bisa sharaɗin kada ya taɓa komai. Ni kuwa ina shagon ɗinki, hankalina na can. Waya na yin ƙara sai gabana ya faɗi.

Ran nan kiran ya zo. Wata baƙuwa ta ajiye jakarta tana ɗaukar hoto, Baba ya sunkuce ta, ya tsallake igiya ya yi sama. Hali zanen dutse. Matar ta kwarma ihun ɓarawo. Na tarar da shi a ɗakin ƙurya, taga a buɗe, jaka a kan gado.

"Ki yi haƙuri, 'yar'uwa," in ji shugabar. "Yau jaka ce, gobe faɗowa daga bene. Ba zai ƙara shigowa ba."

Ban ga laifinta ba, amma na ji haushinta har wuya.

Washegari na fito na gan shi cikin farar riga, yana laluben takalmi. Tsoro ya kama ni. In na ce masa an hana shi zuwa, me ya rage masa? Na koma ciki na jawo tsohon akwatin marigayiya Inna daga ƙarƙashin gado, na zagaya na tsaya a ƙofar gida.

"Sannu da aiki, Dogo. Akwai ɗaki?"

Ya miƙe ƙyam, ya karɓi akwatin. Ya shige gabana har ɗakin da na girma a ciki, ya buɗe taga.

"Ruwan zafi sai an ɗan jira, ranki ya daɗe. Kwana nawa za ki yi mana?"

Na ce masa zan daɗe.