Farar Rigar Da Ba Tawa Ba

Wanki da guga nake yi a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi kafin in lalace. Cikin masu kawo mini kaya har da wani likita. Wata rana na goge farar rigarsa ta aiki, sai na zura ta, na ɗauki hoto, na ɗora a Fesbuk don wasa. Kafin la'asar an fara kirana Dokta, ana tambayata maganin olsa. Ni da ko sakandare ban gama ba. Maimakon in ce wasa nake, sai kaina ya kumbura.

Na fara kwaso bayanai nan da can ina cakuɗawa da ƙarya. Daga baya na shiga jiƙa sassaƙe a bokitin wanki, ina ɗurawa a robobi ina sayarwa. Na rubuta cewa mai ciwon suga ya ajiye allura, ya sha nawa. Saƙon ya yi ta yawo a waya, sunana ya ɓace a hanya, ya koma "in ji wani babban likita".

Gwaggo Asabe, ƙanwar babana da ta riƙe ni a Darmanawa, ta daɗe tana allurar suga. Wata maƙwabciya ta karanta mata saƙon, ta nemo mata maganin, Gwaggo ta ajiye allura. Ban sani ba sai da aka kira ni asibiti, an yanke mata ƙafa. Ƙarƙashin gadonta na hango robata, da rubutun hannuna a jiki.

Ta ce, "Babban likita ne fa ya faɗa. Ƙila ni ce ban sha daidai ba."

Kunya ta hana ni ɗaga kai. A gabanta na faɗi gaskiya, ma'aikatan asibitin suna ji. Daga nan sai ofishin 'yan sanda, sai kotu, sai gidan yari.

Da na fito na koma kan dutsen gugata, na roƙi gafarar Allah da ta Gwaggo. Ba ta taɓa yi mini gori ba.

Samari da 'yan mata, farar riga a hoto ba shaida ba ce. Duk bayanin lafiyar da kuka gani a waya, ku duba wa ya rubuta, a wane asibiti yake. In ba suna, ko an ce ku bar maganinku ku sayi wani, kada ku tura wa kowa. Ku kai wa likita ya gani. Kada ku bi hanyata.

Duk Sallah ni nake saya wa Gwaggo takalmi. Ɗaya take sawa. Ɗayan, har yau ban san inda zan ajiye shi ba.