Sarki Megasena da Mayafin da Ya Aika Kurkuku

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Sarki Megasena a birnin Hemapura, cikin daminar shekara ta ɗari biyu da arba'in bayan wafatin Buda. Mahaifinsa shi ne Sarki Danapala, mahaifiyarsa kuwa Sirima, 'yar wani attajirin hauren giwa. Ya yi karatun addinin kakanninsa a hannun malaman fada, sannan baffansa Balaka, sarkin yaƙi, ya koya masa harbi da hawan giwa. Maroƙa sun ce tun yana ƙarami yake da tausayi, amma mu da muka yi zamani da shi mun san ba haka ba ne.

Sarautarsa da yaƙin Walika

Ya hau gadon mulki yana da shekara ashirin da shida, ya auri Paduma, wadda ta haifa masa 'ya'ya huɗu, babbansu Yarima Upasena. A shekara ta tara ta mulkinsa ya ci ƙasar Walika, bayan ya sa an fasa madatsar ruwan da ke saman birninsu. Kwana arba'in ana ƙona gawawwaki a bakin kogi, har itace ya ƙare aka koma ɓalle ƙofofin gidaje.

A nan ne ya tarar da Nagita, wani tsoho daga 'yan zuhudun Buda masu aske kai da rawayen mayafi, yana jawo gawar wata mata daga cikin laka. Sarki ya ce, "Tsoho, taka ce?" Nagita ya ce, "Taka ce, ranka ya daɗe. Ai tun jiya mutanen Walika suka zama talakawanka."

Shigarsa addinin Buda

Bayan shekara guda Sarki ya durƙusa gaban Nagita, ya karɓi addinin Buda, ya ɗauki alkawarin ba zai ƙara raba wani rai da jikinsa ba. Ya hana farauta, ya haƙa rijiyoyi, ya dasa mangwaro a gefen hanyoyi. Balaka bai ɓoye takaicinsa ba. Ya ce masa a gaban fadawa, "Ɗana, sarkin da ba ya kisa wa zai ji tsoronsa? Nan gaba sauro ma sai ya nemi a ba shi hakimci."

Kisan Yarima

A shekara ta goma sha huɗu aka jarraba alkawarin. Wani bawa mai kiwon giwa, mai suna Kanda, mutumin Walika wanda ruwan nan ya ci matarsa da 'ya'yansa, ya soke Yarima Upasena da ƙugiyar korar giwa, ya kashe shi nan take. Hukuncin ƙasar sananne ne: bayan kwana uku a shimfiɗe mai laifin, giwa ta taka kansa. Amma akwai wata al'ada, cewa duk wanda ya sa rawayen mayafi ya fita daga ƙarƙashin takobin sarki. Da safiyar rana ta uku Sarki ya aiki Nagita kurkuku da aska da mayafi, ya aske Kanda ya sa masa mayafin.

Paduma ta shigo fada ba lulluɓi, ta ce, "Maigida, da jinin ɗana za ka sayi ladanka? Da ka kashe dubbai ba ka nemi shawarar kowa ba, sai yanzu da aka zo kan nawa ka zama waliyyi?" Daga ranar ba ta ƙara yi masa magana ba, har tsawon shekara goma sha tara.

Shekarunsa na ƙarshe

Duk ranar cikar wata Sarki yakan ciyar da 'yan zuhudu a fada, ya zuba wa kowane shinkafa da hannunsa, ya sa goshinsa a ƙasa gabansa kamar yadda addini ya tanada. Kanda yana cikin sahun, kuma ba a taɓa ganin Sarki ya tsallake shi ba. Ba mu san abin da ke zuciyarsa ba, amma abin yana da ban tausayi.

Rasuwarsa

Ya rasu a shekara ta talatin da uku ta mulkinsa, yana da shekara hamsin da tara, bayan zazzaɓi na kwana goma. Aka ƙona gawarsa da itacen sandal mai ƙamshi. A sadakar kwana bakwai, ɗansa Wirasena, wanda ya gaje shi, ya umarci dakaru su tuɓe wa Kanda mayafi su kai shi gaban giwa. Paduma ta miƙe da ƙyar ta tsaya tsakaninsu. Ta ce, "Kai, sake shi. Saboda ran mutumin nan na rasa mijina yana da rai. In ka kashe shi yau, shekaruna goma sha tara sun tafi a banza ke nan."

Kanda ya ƙara shekara shida a duniya, ya mutu a kan tabarmarsa.

Sarki Megasena ya bar matarsa Paduma da 'ya'ya uku: Sarki Wirasena, da Sumana, wadda ta shiga zuhudu, da autarsu Rohini. An binne tokarsa a ƙubbar bulo da ke gabas da birni, inda tokar Upasena take. Paduma ce ta zaɓi wurin, ta kuma ce a bar mata gefe ɗaya.