Na'Allah Mai Gyaran Hita, Mun Gode

Shekara ashirin da bakwai, duk wanda ya bi ta bayan tasha a Ƙaura Namoda da hantsi zai tarar da Malam Na'Allah ya share ƙofar shagonsa, ya jera sufana da filaya da testa a kan buhu yana gogewa. Kafin shayinsa ya huce wani ya iso: famfo ya toshe, ko hitar banɗaki tana yoyo. Sai ya ɗaure jaka a bayan babur. Aikin famfo ya koya, ya haɗa da na wuta. Daga Ƙaura har Shinkafi da Zurmi, in hitar bango ta fara ɗiga, shi ake fara nema.

Ni a cikin baƙin ciki na san shi. Ƙanwata Firdausi ta haihu kwana tara bayan 'yan bindiga sun kashe mijinta a hanyar Zurmi. Muka dawo da ita gida, ga jego ga makoki. Wankan jego sai da ruwan zafi safe da yamma, itace kuwa ya yi wuya tunda mutane suka daina shiga daji. Tsohuwar hitar da mahaifinmu ya bari muka dogara da ita duk sa'ad da aka kawo wuta. Sai ta fara ɗiga. Wani da muka kira ya ce tankin ya ɓule, sai dai sabuwa. Mahaifiyarmu ta tara mata bokiti, muka ci gaba. Ran nan Firdausi ta taɓa kan famfo, wuta ta fizge ta, ta faɗi. Da ƙarar kwana, da jaririyar nan ta rasa uwa da uba a wata ɗaya.

Da Na'Allah ya zo, ya kashe wutar gidan gaba ɗaya, ya rufe ruwa, ya gwada da testa. Ya goge jikin hitar da tsumma har ta bushe, ya ja kujera ya zauna yana kallo.

Na ce, "Malam, ba za ka kwance ba?"

Ya ce, "Haƙuri, Malam Muhtari. Bari ruwan shi nuna muna inda yaka hitowa."

Mahaɗar bututu a bushe, bawul a bushe. Da ya buɗe murfin ƙasa sai ga ruwa kwance a kan wayoyi. Robar da ke kewaye da ƙarfen da ke zafafa ruwan ce ta tsufa ta tsage, wayar ƙasa kuma ta cire. Tankin lafiyarsa lau. Ya tsiyaye ruwan, ya kankare farin dattin da ya daskare, ya sa sabuwar roba, ya mayar da wayar. Sai da tankin ya cika, ya ga ko ɗigo babu, sannan ya kunna.

Da ruwan ya yi ɗumi ya ce da Firdausi, "Ɗiyata, taho ki taɓa."

Ta kasa. Ya ɗora tafinsa a kan famfon, bai ɗaga ba har ta matso ta taɓa da yatsa. Ya buɗe famfon, ruwan ɗumi ya zubo mata, ta fashe da kuka. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah shi jiƙan mijinki, shi raya marainiya." Ya tattara kayansa.

Hajiya Zulaihat, ungozoma a wani ƙaramin ɗakin haihuwa a Shinkafi, ita ta ba ni labarin aikinsa na ƙarshe. Hitarsu ta yi mako uku tana yoyo, duk mai gyaran da ta kira sai ya ce hanya ba kyau. Na'Allah ya je, ya gyara. A hanyar dawowa 'yan bindiga suka tare shi, harsashi ya same shi a kafaɗar dama. Ya rayu, amma hannun ba ya iya riƙe ko cokali. Watan jiya ya rufe shagon.

Na je gaishe shi. Matarsa Mero tana ba shi fura da hannunta. Na fara jajanta masa, ya katse ni: "Hannu Allah ya ba ni, shi ya amshe. Abin da ka damuna, in ji an ce hita na yoyo an tara mata bokiti. Ka faɗa wa mutane su kashe ta."

To na faɗa, Malam.

Kai ne ba ka taɓa ce wa mai gida ya sayi sabuwa alhali roba ce ta lalace ba. Kai ne kake fara taɓa famfo kafin iyalin wani su taɓa. Na Mero, mai hannun amana, marainiyar Firdausi ta fara tafiya, uwarta na riƙe da ita, kuma da hannunka a ciki.

Mun gode, Na'Allah. Allah ya ba ka lafiya, ya sa wahalar nan ta zama kaffara. Masu gyaran da suka rage mana, ku je ku zauna a gabansa tun yana iya nuna muku da hagu. Ku koyi duba abu kafin ku yanke masa hukunci, ku koyi faɗa wa mai gida gaskiya. Mu kuma da muka ci moriyar hannun nan, kada mu bar gidansa ba sallama.