Lambar da Baba Ya Rataya

Mahaifina masunci ne a Argungu, kuma duk unguwarmu an san shi da ƙin caca. Ba ya ko bin ta rumfar da ake buga karta. Wana, babban ɗansa, an taɓa kama shi a bayan kasuwa yana jefa wuri da 'yan caca. Baba bai doke shi ba, bai zage shi ba. Tabarmarsa ya naɗe ya ajiye masa a ƙofar gida. Wana ya bi jirgin fatake ya gangara Yawuri, aka daina ambaton sunansa a gabanmu.

A shekarun nan akwai wani Bature da ke aikin gwamnati a Birnin Kebbi, mai son harbin dinya. In ruwa ya fara janyewa sai ya zo Argungu, Baba ya tuƙa shi cikin fadama. Wata shekara ya tafi hutu ƙasarsu, da ya dawo ya laluba aljihu ya miƙa wa Baba tsaraba: wani ɗan faifai, ya ɗan fi kwabo faɗi, fari da ja, da rubutu mai ruwan zinariya a tsakiya.

To, mu abin da muka sani, in Bature ya ba mutum abu mai wannan siffa, lambar girma ce. Mun ga irinta a ƙirjin tsofaffin sojoji. Baba ya kai wa baduku ya ɗinke gefenta da jar fata, ya yi mata maratayi. Ranar Juma'a yakan sa ta bisa farar riga, ya shiga sahun gaba. Ni kaina, da nake malamin elemantare a Birnin Kebbi ina taƙama da Turanci, na juya ta na juya, na ce lallai lamba ce. Rubutun ba na Ingilishi ba ne, kuma ban taɓa ganin wani abu dabam da ya yi kama da ita ba.

Sai wata rana Baturen ya yi baƙi, maza biyu da mace, aka aiko in bi su Argungu in yi tafinta. Baba ya fito da lambarsa a ƙirji. Muka shiga jirgi, shi a baya yana tuƙi, ni a tsakiya, su a gaba suna hira.

Hirar hutu suke yi. Baturen yana ba su labarin yadda shi da matarsa suka zaga biranen Turai, daga wannan gidan caca zuwa wancan. Ya ce gidajen sun fi fada kyau, darduma har bango, fitilu na reto daga sama, ba a barin mutum ya shiga sai da baƙin kwat. A can ba a taɓa kuɗi da hannu, sai a canza su da 'yan faifai a riƙa turawa bisa tebur. Sa'an nan ya juyo ya nuna Baba da lofensa. Ya ce ɗaya daga cikin faifan ne ya maƙale masa a aljihu, ya ba tsohon, ga shi nan ya mayar da shi lambar Sarki, har masallaci yake zuwa da ita.

Suka kwashe da dariya. Macen har da share hawaye.

Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ashe Baturen ya sani. Ba kuskure ya yi ba. Ya ga fatar da aka ɗinka, ya ga tsoho yana shafa ta kafin ya gaishe shi, bai taɓa buɗe baki ya ce, wannan ba abin da kake zato ba ne. Ya adana mu ne kawai don ranar da zai yi baƙi. Mutumin da ke shiga laka har ƙugu yana ɗauko masa tsuntsun da ya harbo, shi ne abin ba'arsa.

Baba ya ga suna dubansa suna dariya, shi ma ya yi murmushi, ya gyara lambar ta fito sosai.

"Mi sunka ce, Malam?" Haka yake kirana tun da na fara koyarwa.

Na ce, "Baba, bari mu kai gaci."

Da muka fita, Turawan suka nufi mota, na ja shi gindin wata tsamiya na gaya masa duka. Ban rage komai ba, don ban ga dalilin da zai sa Turawa huɗu su san abin da ke wuyansa shi bai sani ba.

Ya saurare ni har ƙarshe. Sa'an nan ya tambaye ni, "Caca dai? Irin tamu ta kasuwa?"

Na ce, "Ita, Baba. Sai dai tasu a kan darduma ake yi."

Ya ciro wuƙar da yake gyaran taru da ita ya yanke maratayin. Na zaci cikin gulbi zai jefa ta, kuma da na fi son haka. Sai ya kamo hannuna ya danƙa mini.

"Tahi Yawuri ka kai ma wanka. Ka ce mishi ya komo gida. Shi bayan kasuwa yay yi tashi caca. Ni da tawa nis shiga gaban liman."

Wana ya dawo kafin damina, da mata da 'ya'ya biyu waɗanda Baba bai taɓa gani ba. Baturen ya aiko sau da yawa a zo a tuƙa shi, Baba ya ce a gaya masa jirgin na yoyo.

Abin da ba zan yafe ba shi ne abin da ya biyo baya. Baba ya yi shekaru bayan haka yana zuwa Juma'a da wuri kamar yadda ya saba, tun masallaci ba kowa. Amma yakan wuce can baya, kusa da inda ake tuɓe takalma, ya shimfiɗa buzunsa. Na roƙe shi, liman ma ya roƙe shi. Har ya rasu bai sake tsayawa a sahun gaba ba.