Igiyar Malama Shanya

Shekara goma sha tara ke nan rabon mijin Malama da ya ga igiyar shanyar gidansa. Ranar da aka ba matarsa aji biyu na ƙaramar sakandare ta koyar da lissafi, ranar ta kwance igiyar, ta haɗa da maƙalan shanya, ta zuba a jaka. Ta ce aro ta yi, zuwa ƙarshen mako. Shi tela ne, mutum mai haƙuri, ya ci gaba da shanya kayan mutane a kan katanga. Lokaci-lokaci dai yakan tambaya, "Uwar yara, ƙarshen makon nan bai zo ba?"

A makaranta igiyar ta samu matsayi. Malama ta ɗaura ta daga ƙarfen taga zuwa wata ƙusa kusa da ƙofa, ta ƙulla jan ƙyalle a tsakiya ta ce shi ne sifiri. Lambobin da suka fi sifiri suna tafiya wajen ƙofa, masu mainos kuma wajen taga. A ƙasa ta ja layuka da farin fenti, kowane taku ɗaya kwata ne. Kwalayen lambobin daga kwalin sabulu ta yanko su, shi ya sa mainos rabi ya daɗe yana ƙamshi. Yara suka sa mata Malama Shanya, sunan ya bi ta har ɗakin malamai.

Ciwon kanta ɗaya ne, kuma duk shekara sai ya dawo. Yaro zai ga mainos takwas da mainos biyu, ya rantse takwas ɗin ne babba. Sai ta ce, "Ku dubi igiya, kada ku dubi riga. Wanda ya fi kusa da taga shi ne ƙarami, komai girman rigarsa." Ba ta taɓa ce wa yaro ya yi kuskure ba. In wani ya maƙala kwali inda bai dace ba, ajin ne gaba ɗaya zai amsa, "Taka mu gani!" Mai kwalin ya koma jan ƙyalle, ya taka yana ƙirgawa, ƙafarsa ta gaya masa gaskiya.

Ajin nan shi ne ranta, ba ta ɓoyewa. Shi kuwa shugaban makaranta igiyar tana ci masa tuwo a ƙwarya. An kawo masa sabon malami mai majigi, ga kuma wata tana shanya a aji. Ya kira ta ofis. "Malama, sufeto zai zo ranar Talata. Abin da ya rubuta a kanki da shi za mu yi aiki. In bai gamsu ba, sabon malami ya karɓi ajin, ke kuma ki riƙe mana sito." Siton ɗaki ne a bayan makaranta, babu kowa ciki sai karyayyun benci da ɓeraye.

Ran Talata ta zo da sababbin kwalaye, ta goge maƙalan ɗaya bayan ɗaya. Sufeton dattijo ne mai ƙiba, biro uku a aljihu, ya zauna a baya yana gyaɗa kai. Yara suka jera mainos ɗaya, kwata, mainos rabi, ɗaya da rabi, babu wanda ya yi tuntuɓe. Malama har ta fara numfashi. Ana wata ga wata, darasi ya yi wa sufeto daɗi, ya tashi ya ce shi ma a ba shi kwali.

Mainos uku bisa huɗu ya samu. Ya dubi mainos rabi a igiya, ya yi murmushi. "Uku bisa huɗu ai ya fi rabi, ko ba haka ba yara?" Ya maƙala kwalinsa tsakanin mainos rabi da sifiri, wajen manya, ya juyo yana jiran tafi.

Malama ta dubi kwalin. Shugaban makaranta yana bakin ƙofa yana ƙifta mata ido, wai ta bar shi haka. Ita ma ta san abin yi: ta ce a tafa wa baƙo, ta wuce darasi na gaba, gobe ta gyara a ɓoye. Ta ga yara sittin sun cika ƙirji da iska, idonsu a kanta. Yatsa ɗaya za ta ɗaga su haɗiye. Tsoro take ji sosai, amma yatsan ya ƙi tashi.

"Taka mu gani!"

Sufeto ya waiga. "Me suka ce?"

"Ranka ya daɗe, haka muke yi a nan," in ji Malama. "A koma jan ƙyalle, a taka. Kowane layi kwata ne."

Ya taka. Ɗaya, biyu, ga shi a gaban mainos rabi. Na uku ya wuce da shi wajen taga. Ya tsaya, ya dubi ƙafarsa, ya dubi kwalinsa da ya baro a baya. Ya koma ya ciro shi da kansa ya mayar inda ya dace. Sannan ya ɗauki jakarsa ya fita. Shugaban makaranta ya bi shi yana ba da haƙuri har gindin mota.

Mako uku Malama tana jiran hukunci. Da takardar ta iso, shugaban makaranta da kansa ya kawo mata, bakinsa har kunne. Sufeto ya cika shafi biyu da yabo. Ya ce bai taɓa ganin kayan koyarwa irin wannan ba, kuma asara ce a bar mai irin wannan basira a aji ɗaya. Don haka an ƙara mata girma mataki biyu, an naɗa ta Babbar Jami'ar Kula da Kayan Koyarwa. Ofishinta kuwa sito. Sabon malami zai karɓi ajin ranar Litinin.

Malamai suka yi ta taya ta murna. Mijinta ma ya yi murna, ya ce ashe ƙarshen makon zai zo.

Ranar ƙarshe ta shiga aji, ta ce kafin ta kwance igiya akwai sauran kwali ɗaya. Ta fito da takardar, ta karanta musu sabon muƙamin, kalma shida cif, kowace ta fi wata nauyi. Sannan ta ɗauki maƙali, ta tsaya a jan ƙyalle, ta taka. Ta wuce mainos rabi, ta wuce mainos ɗaya, ba ta tsaya ba sai da igiya ta ƙare. Ta maƙala takardar daf da ƙarfen taga, ta juyo ta jira.

Babu yaron da ya ce ta taka su gani.