Rabin Tabarmar Inna

Shekarar da aka kafa sansanin aikin ido a wata firamare a Katagum, da faɗa na kai Inna. Yanar ido ce ta rufe mata duka biyun tun bayan da kogi ya ci Baba a wurin kamun kifi, amma ko zancen asibiti ba ta so. Na rufe shagon ɗinkina a Azare, na je na tsaya mata a ka.

"Ni na ce miki duhun ya dame ni?" in ji ta.

"Ni ya dama, Inna. Tashi mu tafi."

Lokacin hutu ne. An fitar da bencuna, an shimfiɗa tabarmi a azuzuwa, na mata daban, na maza daban. An ɗaura igiya daga ƙofar aji zuwa bayan gida saboda masu lalube. Ido ɗaya ake yi wa kowa, ɗayan kuma dama yawanci ba ya gani, don haka bayan aiki duk ajin makafi ne. Ki shiga da tsakar rana, wuri tsit, sai kawunan nan masu farar auduga a ido su juyo gare ki a tare. Wallahi ban so wurin nan ba.

Inna ba ta kwanciya a tsakiyar tabarma. Kullum sai ta takure gefe, ta bar rabi. A gida ma haka take, na ɗauka rigimar tsufa ce.

Ranar da aka yi mata aikin, bayan azahar, na dawo da kunu sai wata tsohuwa Babarbariya da ke kwance kusa da ita ta kama mini zane.

"'Yata, ki yi wa mutumin nan naku magana. Nan ajin mata ne. Ya tsallake ni, ya ɗiga mini ruwa, ga ƙarnin kifi."

"Wane mutum kuma, Iya? Ba namijin da ya shigo."

Na yi tsaki, amma na taɓa ƙafarta. A jiƙe take. Igiyar bakin ƙofa tana ta rawa, babu iska, babu kowa.

"Ƙyale ta," Inna ta ce ƙasa-ƙasa. "Tun da idon ya rufe yake zuwa. Ba ya cewa komai, zama kawai yake yi. In na fara gani ba zai zo ba, kin san shi da kunya."

Tsoro ya kama ni, ni kuwa in na tsorata faɗa nake yi.

"Inna, ki yi istigfari. Wanda ya rasu ya rasu."

Ko kunun ba ta sha ba.

Washegari da hantsi ma'aikaciyar jinya ta bi layi tana cire auduga. Aji ya cika da hamdala, wasu har da kuka. Da aka cire ta Inna, ba ni ta fara duba ba. Rabin tabarmar ta juya ta ƙura wa ido, ta daɗe. Ta shafa wurin da tafin hannu, a bushe yake.

Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Ashe kin yi furfura."

"Kina gani ke nan, Inna?"

"Ina gani," ta ce, kamar wadda aka yi wa ta'aziyya.

Sun ce mu dawo baɗi a yi ɗayan. Har ta rasu ba ta yarda ba, ni ma ban sake tayar da maganar ba. Nakan je gida da rana in tarar da ita a gefen tabarma, ta rufe lafiyayyen idon da tafin hannu, tana jira.